Waƙar Laima a Xintang

Zuwan da na yi Guangzhou a shekarar da Caina ta karɓi wasannin Olamfik shi ne ya gasa min aya a hannu. Na sha zuwa kafin nan, in sari wandunan jins in kai Kwari, in ɗan huta in sake juyowa, har 'yan layinmu suna ce min Nasiru Ɗan Caina. Ina tafiya a garin hannu a aljihu kamar a Fagge nake.

Tun watan farko abubuwa suka fara karkacewa. Masana'antar da na ba aiki a Xintang ta nuna min samfur mai kauri, ta ɗinka min da yadin da in ka ɗaga kana hango rana ta ciki. Na je ina ta kumfar baki, lawban, wato mai wurin, yana zuba min shayi a wani ɗan mitsitsin kofi yana murmushi. Ya yarda zai sake ɗinkin, amma sai na jira. Ina cikin jira bizata ta zo ƙarewa. A da sai mutum ya leƙa Makau ya sabunta ya dawo, amma a shekarar an toshe wannan hanya saboda wasannin. Wani Bakano irina, da muke sahu ɗaya ranar Juma'a, ya ce in kawo fasfo, ya san hanya. Na ba shi. Ba a jima ba wayarsa ta daina shiga.

A cikin wannan hali muka yi waya da matata Rabi. Ba faɗa ta yi ba, da ma ita ba ta iya faɗa ba. Cewa ta yi, "Ni fa ban tsane ka ba. Na zauna na duba ne, zaman nan ba ya yi min. Kana gida ma hankalinka yana Caina, balle ka tafi. Don Allah ka sawwaƙe min."

Ba ranar ta fara faɗa ba, amma ranar ta same ni a wuya. Na ce, "Haka kike so? To na sake ki, saki ɗaya." Kafin in mai da wayar aljihu na yi da-na-sani.

Saki ɗaya ne, ƙofa ba ta rufe ba muddin ba ta gama idda ba. In na ce na mai da ke, magana ta ƙare, ba sabon sadaki, ba sai an nemi yardarta ba. Da na huce na kira ta a gidansu, ina ta kewaye-kewaye. Ta gane inda na dosa, ta tare ni. "Na san hukunci," in ji ta. "In ka mai da ni zan dawo, ba zan saɓa wa Allah ba. Amma ina roƙonka kada ka yi." Daga nan na shiga yawo da kalmar a bakina, ban faɗa ba, ban kuma haɗiye ba.

Abokin ɗakina a unguwar Xiaobei wani dattijo ne mutumin Maraɗi, Alhaji Idi, mai sarin shadda da wayoyi. Shi bai ga abin tunani a ciki ba. Kullum da safe yana kurɓar shayi zai ce, "Bon, Nasiru, mi kake jira? Kalma guda ta fa. Mace ta yi fushi, ta huce. Ni da ka gani nan sau biyu ina maido uwar ɗiyana, ga mu nan har yau."

Na ce, "Alhaji, ba fushi take ba. Da fushi ne da sauƙi."

"Duk ɗaya na," in ji shi.

Sai kuma 'yan sanda suka fara bin gidajen baƙi ɗaki-ɗaki suna neman takardu. Ni kuwa ko hoton fasfo ba ni da shi. Na daina fita masallaci, na daina zuwa cin tuwo a ɗakin wata mata 'yar Gana da ke dafa mana. In na ji takun takalmi a bene sai in kashe fitila in laɓe.

Wanda ya fitar da ni daga wannan ƙunci ba Bahaushe ba ne, ba ma Musulmi ba ne. Sunansa Ramiro, mutumin Kolombiya, ya ba hamsin baya, ga tumbi ga furfura a gemu. Wandunan mata yake sara. Mun saba ne a kan bencin lawban ɗin nan, don shi ma irin cutar da aka yi min aka yi masa, sai mu zauna muna jiran shayi da ƙarya tare. Turancinsa a karye, nawa a gurguje, muna cikasawa da hannu. Da ya ji halin da nake ciki ya ce yana da ɗaki a saman wata ma'aikatar wanke jins a nan Xintang, 'yan sanda ba sa hawa, in zo mu zauna. Ranar da na tare ya fita ya sayo sabuwar tukunya ya miƙo min. Ya ce ya san ba na cin alade, tsohuwar kuma ta ga abubuwa da yawa.

Zaman Xintang har yau in na tuna sai in ga kamar barci na yi mai tsawo. Komai na garin shuɗi ne. Ƙurar da ke kan taga shuɗiya, ruwan da ke bin kwata shuɗi, tsofaffin matan da ke zaune a ƙofar gida suna yanke zare daga tulin wanduna yatsunsu sun rine kamar na marinan Ƙofar Mata. A ƙarƙashinmu manyan injuna suna juya wanduna da duwatsu don su koɗe, ƙasan ɗakin yana rawa a hankali tun safe har yamma. Ruwan sama ya zo ya wuce, zafi ya dawo. Ba ni da inda zan je, sai in kwanta a tabarma ina kallon fanka, ina tunanin yadda Rabi take tsefe kai a bakin ƙofa da mataji a baki.

A nan na haɗu da waƙar. Ramiro yana da ƙaramar rediyo mai cin faifai, faifan kuma da yawa, amma guda ɗaya yake sakawa, a cikinsa ma waƙa ɗaya. Jita ce take farawa ita kaɗai, a hankali, sai ganguna su faɗo kamar ana lugude, sai wani mai dusasshiyar murya ya shigo yana jan magana. In an zo amshi sai kiɗan ya tashi gaba ɗaya, har ƙafar mutum ta fara motsi ba da saninsa ba. Na ɗauka waƙar biki ce. Wata rana har na ɗan taka, Ramiro ya yi dariya har da tari.

Na tambaye shi, "Wa ake yi wa waƙar? Ban ji ana kiran suna ba."

Ya ce babu suna.

Na ce, "A wurinmu mawaƙi ba ya buɗe baki a banza. Sai ka ji wane ɗan wane, ya ba ni mota, ya ba ni riga. Wannan wa ya biya shi?"

Ya ce ba wanda ya biya. Na ce to lallai mawaƙinku bai iya sana'a ba.

Alhaji Idi yakan kawo min ziyara da kilishi da labarin gari. Ya ce ai Faransanci da yaren su Ramiro wa da ƙane ne, a saka masa ya fassara. Aka saka. Ya rufe ido, ya gyaɗa kai kamar alƙali, da aka gama ya ce, "Bon. Tallan laima na. Mutumin laima yake saidawa." Ramiro bai gane me ya ce ba, da na maimaita masa da Turanci sai ya daina dariya. Ya ce akwai laima a ciki, gaskiya ne, amma labarin yana da tsawo, sai wata rana.

Ranar ta zo lokacin da kayansa suka kammala, za a loda su a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ya ce in raka shi in sha iska, ba a cika tare motar da ya ɗauka ba. Na zauna a baya tsakanin buhuna. Muka bi gadoji dogaye, muka ratsa gonakin ayaba, ruwa yana sauka siriri. Can gaba ƙarafunan ɗaga kwantena suka fito daga cikin hazo, kawunansu kaɗai ake gani, kamar ba a ƙasa suke tsaye ba. Aka ce mu jira, motar kwantena ba ta iso ba. Muka fake a ƙarƙashin rumfar sito, ya ce direba ya saka faifan ya buɗe ƙofa.

Layi-layi ya riƙa tsayar da ni yana bayani. Ya ce safiya ce a waƙar. Mace ta gama haɗa kayanta, akwati yana bakin ƙofa. Mijin ya dafa kofi na mutum biyu kamar kullum. Sun san juna sosai, ya san tana da tausayi, in ya roƙe ta ta zauna za ta zauna, ta ƙare rayuwarta tana kallon taga. Ita ma ta san ya sani. Sai ya shiga yi mata maganar hanya. Wace mota za ta hau, kada ta zauna kusa da ƙofa saboda sanyi, maganin ciwon kanta yana aljihun gefe. Amshin da ni nake rawa a kai, cewa yake hadari ya haɗu, ki tafi da laimar, ni ba inda za ni.

Na ce, "Shi ke nan? Bai ce ta zauna ba?"

"Har waƙar ta ƙare bai ce ba."

"To me ya sa kiɗan yake da daɗi haka, kamar ana ɗaurin aure?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce wai don kada ta ji muryarsa tana rawa.

Na tsaya ina kallon ruwa yana ɗiga daga bakin kwano. Ban taɓa gaya wa Ramiro maganar Rabi ba, bai san ma akwai wani abu wai shi idda ba. Labarin waƙarsa kawai yake ba ni, amma na ji kamar an leƙa cikina.

Ya ci gaba da ba ni labarin wanda ya rubuta ta. Ɗan wani bakanike ne, ya tashi a unguwar talakawa, shi da abokansa suka haɗa ƙungiyar kiɗa lokacin Ramiro yana saurayi. Sun yi waƙoƙi masu hayaniya da yawa, na zagin gwamnati, na yawon dare, duk an manta da su sai wannan. Ciwo ya ɗauke shi bai tsufa ba. Ni da halina na ɗan kasuwa na ce, "Ya bar gida? Ya bar 'ya'ya?"

Ya ce ko ɗaya. Gidan haya ya mutu.

Na ce, "Ikon Allah. Mutum ya zo duniya ya koma, abin da ya bari kawai labarin matarsa ta gudu."

Bai ji haushi ba. Ya ce ranar jana'izar mawaƙin rana ake ƙwallawa, ko gajimare babu, amma mutane suka fito da laima, tsofaffi da yara, masu tasi da 'yan makaranta. Da aka zo wucewa da gawar sai suka buɗe, titi guda daga wannan kai zuwa wancan. Shi ma yana ciki, da laimar uwarsa mai furanni. Ya ce har yau a garinsu in mutum biyu suka rabu ba zagi ba tonon asiri, sai a ce ya ba ta laima. Yaran da ba a haifa ba lokacin da aka yi waƙar suna faɗin haka, wasu ba su san daga ina maganar ta fito ba.

"Amma ba kowa ya yarda ba," in ji shi. "Yayata cewa take mutumin nan matsoraci ne, girman kai ya hana shi roƙo, ya fake da laima. Mun yi shekaru muna wannan musu. Shi kuma mawaƙin in 'yan jarida suka tambaye shi me yake nufi, sai ya ce ruwa ake yi ranar."

Na ce, "Kai fa? Ka ba taka laima?"

Ya ce shi faranti ya fasa. Ya riƙe matarsa a kotu shekara da shekaru, ba don yana tunanin za ta dawo ba, don dai kada ta tafi da sauƙi. Yanzu 'yarsu in ya kira ta sai ta ce tana aiki. Motar kwantena ta iso, ya tashi ya tafi ƙirga buhunansa.

Da na ba Alhaji Idi fassarar gaskiya, tsaki ya yi. "Wannan ragon namiji na. Allah ya ba ka haƙƙi, ka tsaya kana zancen laima? Kiɗan banza ya shiga kanka, Nasiru." Ni kaina ban san wanda ya fi gaskiya tsakanin Ramiro da yayarsa ba. Kuma ina son Rabi. Ba wai sabo ba, so nake nufi, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Ana tsakiyar wasannin Inna, mahaifiyata, ta kira. Ta ce ta je gidan su Rabi, uwarta ta raɗa mata cewa saura ƙiris. Ranar dai ba wanda ya sani sai Rabi, don lissafin a jikinta yake. "Iyayenta ma so suke ta koma," in ji Inna. "Yarinyar kirki irin wannan ba a sakinta ta tafi. Ka buɗe baki ka yi magana tun kafin ka zo kana cizon yatsa."

Washegari bayan la'asar Alhaji Idi ya hawo benen yana haki, da wani abokinsa mutumin Yamai a bayansa. Ya ce ga shaidu biyu ya kawo, yau za a gama. Suka zauna a tabarmata suka naɗe ƙafa. Ramiro ya ga fuskokinmu, ya ɗauki sigarinsa ya sauka. A ƙasa ma'aikata sun taru a gaban talabijin, kowane ɗan lokaci sai ihu ya tashi, wani nasu ya ci zinare.

Wallahi da niyyar mai da ita na danna lambar. Na riga na shirya yadda zan faɗa, na shirya har haƙurin da zan ba ta bayan na faɗa.

Ta ɗauka, ta yi sallama. Muka gaisa. Alhaji ya yi gyaran murya da ƙarfi don ta san akwai mutane. Ta sani kuwa, sai ta ce, "Ina jin ka." Ba ta roƙe ni ba, ba ta yi kuka ba. Can Kano safiya ce, ana ruwa, ina jin saukarsa a kan kwanon gidansu, ina jin numfashinta tana jira. Na san muryar nan. Ita ce muryar da take yi in za a yi mata allura, ta miƙa hannu ta kau da kai. Na ga za ta dawo ɗin, ta share ɗaki, ta dafa abinci, ta gaishe ni da kwana, shekara da shekaru, da wannan muryar.

Alhaji ya zungure ni a gwiwa.

Na ce, "Rabi, ɗakin nan naki yana yoyo ta kusurwar gabas. Ki aika a ɗauke keken ɗinkinki kafin ya yi tsatsa. Makulli yana wurin Inna."

Ta ce, "To."

"Sauran kayan ma a kwashe a hankali, ba gaggawa. Kada a ba masu kura madubin, za su fasa."

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Da na ajiye wayar Alhaji Idi ya dube ni, ya dubi abokinsa. "Mun biya mota tun daga Xiaobei mu shaidi keken ɗinki," in ji shi. Ya saka takalmi ya sauka bai yi min sallama ba. Mutumin Yamai ne ya tsaya ya dafa kafaɗata kafin ya bi shi. Na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na farko wuya, don ƙofar ba ta rufe ba tukuna, wayar kuma tana aljihuna. Sau da yawa nakan fito da ita in duba in mayar. Aka gama wasannin, gari ya ɗan saki. Manyanmu na Kano suka matsa wa dangin Bakanon nan da ya ɓace min, fasfona ya fito daga hannun wani na uku, ba biza a ciki ba komai. Na kai kaina ofishin baƙi, aka ci ni tara, aka ba ni 'yan kwanaki in tattara in bar ƙasar. Ramiro ya riga ni tafiya. A bakin mota ya rungume ni irin tasu, gemunsa yana warin sigari, ya ce in na zo Kolombiya in neme shi. Mu duka mun san ba zan zo ba.

Azumi ya kama. Na shiga kasuwar Shahe da hantsi in ɗan haɗa kayan yara na Salla, kada in koma hannu rabbana. Wurin a cike, masu turin kaya suna ihu, ana jan manyan baƙaƙen ledoji a ƙasa. Ina cikin ciniki da wata mata a kan rigunan 'yan mata, tana ce min meyo, babu wannan launin, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Rabi ce. Tunda muke ba ta taɓa kirana a Caina ba, sai dai ta yi filashin in kira. Can gida sun gama sahur ke nan.

Na toshe ɗaya kunnen da yatsa. Ta tambayi azumi, ta tambayi yaushe zan dawo. Sannan ta ce, "Na gama jiya. Na ce gara ka ji daga bakina."

Na ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri."

"Amin." Sannan ta ce, "Na gode, Nasiru."

Duk zaman aurenmu ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a bayan idona, ko da wasa. In wani mai irin sunan ya zo gidan sai ta ce mai sunan Malam. Na tsaya a tsakiyar hanya da rigar yarinya a hannu, mai turin kaya yana ta yi min tsawa in kauce. Ashe haka take furta shi, a hankali, tana ɗan jan ƙarshen.